Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Katsina da Majalisar Dokoki: likitocinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Mai Girma Kakakin Majalisar Dokoki da sauran wakilanmu masu girma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya dafa muku a kan nauyin jama'a da ya ɗora muku, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro da ta hana talaka barci.

Ni likita ne, haifaffen wannan jiha. Shekarata tara ke nan ina aiki a asibitocin gwamnatin jiha, biyu a cikin birni, bakwai a ƙaramar hukuma. Da tallafin karatu na gwamnatin Katsina na gama makaranta, domin mahaifina manomi ne, ba shi da halin riƙe yaro shekara shida a jami'a. Don haka ina jin bashin jihar nan a wuyana, kuma wannan bashin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Amma abin da zan faɗa shi ne abin da muke faɗa wa juna kullum a bakin ɗakin tiyata, ni da 'yan'uwana likitoci da malaman jinya da ungozomomi da masu gwajin jini da masu ba da magani. Ina kuma magana a madadin wanda ya fi mu duka haƙƙi, wato mara lafiyar da ya baro ƙauyensu bayan sallar asuba, ya yanki kati, ya zauna a benci har la'asar bai ga likita ba.

Ranar Alhamis da ta wuce na raka abokin aikina Kano ya hau jirgi zuwa Saudiyya. Shi ne likita na uku da ya bar asibitinmu cikin wata goma sha huɗu, kuma har yau ba a kawo ko mutum ɗaya a madadinsu ba. A hanya, wajen Tsanyawa, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce da ni: "Wallahi ba son kuɗi ba ne. Na gaji ne. Ina tsoron wata rana in kashe ɗan wani saboda barci." Ban iya ba shi amsa ba. Da na dawo na tarar da jadawalin aikin kwana na watan gobe a kan teburina, an soke sunansa da biro, an raba kwanakinsa tsakanin mu biyun da muka rage.

Ranka ya daɗe, na san ba a zamaninka wannan ciwo ya fara ba, kuma ba Katsina kaɗai ya kama ba. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne, ga al'umma sama da miliyan 200. Su ma waɗannan, kaso mai tsoka yana Legas da Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a yi hattara wajen ɗibar musu ma'aikata, amma ɗibar ba ta tsaya ba. Ƙidayar 2006 ta ba Katsina mutum miliyan 5.8. Kowa ya san yadda muka hayayyafa daga lokacin zuwa yau, kuma duk wanda ya leƙa ɗakin haihuwa da dare zai ga haka da idonsa.

Abin da nake so a fahimta shi ne, a wurinmu tafiyar hawa uku ce. Likitan da aka tura ƙaramar hukuma yana neman hanyar komawa birnin Katsina. Na birni yana neman tsallakawa daga aikin jiha zuwa na Tarayya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ko Kano, ko Zariya. Na Tarayya kuma yana karatun jarrabawar Ingila cikin dare, ko yana jiran wakilan Saudiyya su zo ɗaukar ma'aikata. Duk gurbin da ya buɗe a sama, daga ƙasa ake cike shi. Shi kuwa na ƙasa can, asibitin ƙaramar hukuma, babu wanda ke ƙarƙashinsa da zai jawo. Likita ɗaya ya tashi daga Abuja zuwa Landan, ƙarshenta wata mata a Sabuwa ko Baure ce za ta rasa mai yi mata aiki. Mun yi murna da samun manyan asibitocin Tarayya a jiharmu, kuma alheri ne babba. Sai dai daga rijiya ɗaya kowa ke ɗiba.

Bari in fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato yawan aiki.

A takarda, likita yana yin aikin yini, ranar da kwana ya zo kansa ya kwana, gari ya waye ya je ya huta. A asibitin da likitoci biyu suka rage, babu wannan lissafi. Ka ga marasa lafiya a layi tun takwas na safe, mutum saba'in, tamanin, wata ran fiye. Ka zaga gadaje. Ka shiga tiyata. Dare ya yi kana kan kira. Gari ya waye layi na jiranka kamar jiya, domin ɗan'uwanka yana ɗakin tiyata ko shi ma ya faɗi rashin lafiya. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, NARD, ta umarci mambobinta cewa daga 1 ga Oktoba 2025 kada kowa ya wuce awa 24 a jere yana aiki. Umarni ne mai kyau. Amma ni idan na cika awa 24 na tafi gida, wa zan miƙa wa makullin?

Akwai wani dare na watan Satumba da ba na mantawa. Lokacin damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana ɗakin yara har a kwantar da uku a gado ɗaya, iyaye mata na zaune a tabarma a ƙasa. Na shiga awa ta talatin da ɗaya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wata yarinya mai cikin fari a bayan a-kori-kura, tana jijjiga, an ɗaure mata bakin zani a hannu saboda kada ta faɗo. Kwana biyu tana naƙuda a gida. Ban gama duba ta ba sai ga wani magidanci ya shigo da gudu, ɗansa ɗan shekara uku a kafaɗa, jiki zafi zau, ido ya kafe, tafin hannu fari fat kamar takarda. Yaron na buƙatar jini nan take. Yarinyar na buƙatar a ciro abin da ke cikinta nan take. Likita ɗaya ne a asibitin, nas ɗaya a ɗakin yara mai gado talatin, mai gwajin jini kuma yana gida sai an je an ɗauko shi a babur.

Na rubuta wa yaron abin da za a yi masa, na sa masa allurar farko da hannuna, na shiga tiyata. Muna tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ungozoma ta riƙe mini fitilar waya biyu har na ɗinke. Uwa ta rayu, jaririya ta rayu, alhamdu lillahi. Na fito ban ko cire safar hannu ba na nufi ɗakin yara. Na tarar an rufe yaron da mayafin uwarsa. Jinin ya iso, ledar tana rataye, ba a kai ga sa masa ba. Mahaifinsa ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Likita, kwanansa ne ya ƙare. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi. Amma na san aikina, na kuma san cewa da akwai likita na biyu a wannan dare, ko nas ta biyu, ko mai gwajin jini da ke kwana a asibiti, da an yi wa yaron nan abin da ya kamata a kan lokaci. Wannan godiya ta bawan Allah ta fi zagi yi mini ciwo. Mutanenmu masu haƙuri ne, ba sa kai ƙara, ba sa zuwa gidan rediyo. Shi ya sa irin wannan mutuwa ba ta isowa teburinku.

Kuma ba labarin dare ɗaya ba ne. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na kula da tamowa a jihar nan cikin wata shida na farkon 2025. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2023 ya nuna mata kimanin 82,000 sun mutu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin wannan kaya. Cibiyar Babbar Ruga ta daɗe tana ɗinke matan da suka kamu da yoyon fitsari. Yawancin waɗannan mata, doguwar naƙuda ce ta kai su can, wato an rasa wanda zai yi musu tiyata cikin awannin da ya kamata.

Sai maganar albashi. Ba na jin daɗin yin ta, domin na san malamin firamare da ɗan fansho sun fi ni kuka, kuma a garinmu ana ganin likita a matsayin mai hali. Amma gaskiya ɗaya ce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki Naira, dalar da ake saya ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Albashin da ke riƙe gida da iyaye da ƙanne ya koma na abinci da man mota. Shi kuwa wanda ya tafi, da Riyal ko Fam ake biyansa, abin da yake samu a wata ɗaya sai ya ninka namu sau da yawa. Babu wanda ke cewa Katsina ta yi gasa da Saudiyya. Gasar da za mu iya ita ce ta cikin gida. Duk lokacin da Tarayya ta gyara tsarin albashin likitoci na CONMESS, kamar ƙarin kashi 25 da 35 da ta amince da shi a 2023, sai likitocin jihohi su shiga zaman jira, ana kai gwauro ana kai mari, wani lokaci sai an yi barazanar yajin aiki. A cikin wannan jira ake rasa mutane. Yaro ɗan ajinku, gari ɗaya, unguwa ɗaya, yana aiki a asibitin da ke tsallaken titi, ya fi ka albashi, ya fi ka hutu, yana kuma da manyan likitoci a kansa suna koya masa. Wace hujja za ka ba matarka ta zama?

Ku tuna kuma, shekara da shekaru Naira 5,000 ce alawus ɗin haɗari na ma'aikacin lafiya a wata, sai ƙarshen 2021 Tarayya ta ɗaga shi. Da wannan dubu biyar ɗin muka shiga korona. Mutum na farko da aka tabbatar cutar ta kashe a jihar nan, a Afrilun 2020, likita ne a Daura. Allah ya jiƙansa. Da wannan dubu biyar ɗin dai muka riƙa tarbar zazzaɓin Lassa da sanƙarau da amai da gudawa, wani lokaci safar hannu ma sai ɗan'uwan mara lafiya ya sayo a kemis.

Akwai wani abu da ya fi albashi korar matasa, wanda ba kasafai ake maganarsa a wajen asibiti ba. Likita idan ya gama shekara shida na jami'a, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, bai gama karatu ba. Gabansa akwai wasu shekaru biyar ko shida na neman ƙwarewa kafin ya zama babban likitan mata, ko na yara, ko na tiyata, ko na ƙashi. Wannan horo a asibitin da hukumomin ƙwarewa suka amince da shi kaɗai ake yinsa. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da Tarayya ke biya wa nata likitocin kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, jihohi kuwa sai wadda ta ga dama ta ɗauki dokar ta mayar tata. To likitan da aka kai ƙaramar hukuma aka manta da shi, yana kallon shekaru na wucewa, ƙannensa a makaranta sun zama ƙwararru, shi yana nan inda yake. Ba a tura shi karatu, domin idan ya tafi babu mai riƙe asibitin. Wato haƙurinsa ne ya zama abin da ya daƙile shi. Duk ƙaramin likitan da ya ga haka a jikin yayansa, ba zai yarda ya zauna ba.

Kuma mu ne muke asara, domin ƙwararrun da ba mu horar ba su ne waɗanda talaka ke sayar da gona ya bi su Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika, ko ya ƙetara Maraɗi. Mai hali ya tafi Masar ko Indiya. Jihar nan ta ba Najeriya shugabannin ƙasa biyu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansu da rahama. Dukansu da jinya ta yi tsanani waje aka kai su, ɗaya Jidda, ɗaya Landan. Ba don in taɓa mutuncinsu na kawo wannan ba. Na kawo ne don mu ga cewa ramin da muke magana a kai bai bar kowa ba.

Tsaro kuwa, kun fi ni saninsa. Ma'aikacin lafiya da aka tura Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa ko Ɗandume, iyayensa ke fara hana shi tafiya. 'Yan bindiga suna ɗaukar likita da nas a matsayin kaya mai tsada, ko don kuɗin fansa, ko don a kai su daji su yi jinyar waɗanda aka harba. A Disambar 2023 aka ɗauke wata likita daga gidajen ma'aikata na asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannunsu, har sai da likitoci suka yi yajin aikin gargaɗi a Agustan 2024. Duk likitan da ke Arewa maso Yamma ya bi wannan labari kamar a gidansu ya faru. Mun ga ƙoƙarin da aka yi na kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, mun kuma ga an samu sauƙi a wasu wurare. Amma har yanzu akwai asibitocin da katangarsu ta zube, gidajen ma'aikata sun zama kango, babu ruwa babu wuta. Ma'aikaci sai ya kama haya a birni yana zuwa yana dawowa, kuma dole ya bar aiki da wuri don kada magariba ta riske shi a hanya. Daga la'asar zuwa wayewar gari, garin ba shi da likita. Naƙuda kuwa ba ta duba agogo.

Na daɗe ina cewa likita, likita, amma likita shi kaɗai ba ya warkar da kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba zan iya tsaga ciki ba sai da mai sa barci. Ba zan iya ƙara jini ba sai da mai gwaji. Maganin da na rubuta da rana, nas ce za ta tashi ƙarfe uku na dare ta ba da shi. Su ma suna tafiya, waɗanda suka tsufa suna ritaya, ba a maye gurbinsu daidai da yadda suke fita. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ga yaranmu nan da suka gama makarantun jinya da ungozoma na Katsina da Malumfashi, da makarantun fasahar lafiya na Kankiya da Daura, da yawansu suna zaune a gida, ko suna aikin sa-kai a asibitoci shekara biyu, uku, ba ko sisi, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar aiki. A ɗakin haihuwarmu akwai wata yarinya irin wannan. Ta fi wasu masu albashi iya karɓar haihuwa. Da kuɗin kitso take hawa babur ta zo aiki.

Ba zan rufe ido a kan namu laifin ba. A cikinmu akwai mai zuwa aiki ƙarfe goma sha ɗaya, akwai mai karkatar da marasa lafiya zuwa asibitinsa na kuɗi, akwai mai daka wa tsohuwa tsawa a gaban jikokinta, akwai wanda sunansa ke kan takardar albashi alhali ya daɗe da barin ƙasar. Waɗannan a hukunta su, mu za mu fara nuna su. Sai dai hukunci yana da wuya a inda babu madadi, domin shugaban asibiti yana tsoron ya tsawatar wa mutum ya ajiye aiki a bar shi da kango. Ita ma tsawar, sau da yawa gajiya ce ke magana. Kuma idan rai ya ɓaci, mu ne a gaba. Ɗan'uwan mara lafiya ba ya ganin wanda ya ƙi ɗaukar ma'aikata, nas ɗin da ke gabansa yake gani, ita yake zagi, wani lokaci har da mari.

Na san akwai masu ganin maganin abin shi ne a ɗaure likita. A 2023 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ra'ayina a nan a fili yake: duk wanda jiha ta biya wa karatu, wajibi ne ya dawo ya biya da aiki, kuma wanda ya gudu a bi shi ya dawo da kuɗin talakawa. Na ji daɗin tura yaranmu Masar karatun likita, na ji daɗin yadda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta shiga horar da likitoci, na kuma ga Tarayya ta ɗaga adadin ɗaliban da makarantun lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000. Amma yaron da ya shiga aji ɗaya bana, sai bayan shekara bakwai ko takwas zai tsaya shi kaɗai a kan mara lafiya. Idan ya fito ya tarar da abin da muka tarar, zai ƙirga kwanakin yarjejeniyarsa kamar ɗan kurkuku, ranar da ta cika ya kama hanya. Ana zuba ruwa a tulun da gindinsa ya fashe. Haka nan gine-gine. Mun ga asibitocin mazaɓu da ake gyarawa, da niyyar kowace mazaɓa cikin 361 ta samu nata mai aiki, kuma Allah ya saka. Amma na sha shiga sabon gini mai fenti da tayil da sola, in tarar da ma'aikacin lafiya ɗaya tal, shi ne mai kati, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, da ku wakilanmu, ga abin da muke roƙo.

A fara da ƙirga mu. A buga wa jama'a adadin likitoci da nas-nas da ungozomomi da ke aiki a kowane babban asibiti a ƙananan hukumomi 34, da adadin waɗanda suka fita da waɗanda aka ɗauka kowace shekara. Kowane ɗan majalisa ya san mutum nawa ke riƙe da asibitin mazaɓarsa. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma zai fallasa ma'aikatan bogi.

A ba hukumar kula da asibitoci izini na dindindin cewa duk ma'aikacin lafiya da ya ajiye aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, a maye gurbinsa cikin wata uku ba sai an jira sanarwar ɗaukar aiki ta gaba ɗaya ba. Albashinsa yana cikin kasafi tun farko. A fara da masu aikin sa-kai da suka riga suka san aikin.

Majalisa ta yi doka cewa albashi da alawus na ma'aikatan lafiya na jiha za su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da na Tarayya, duk gyaran da aka yi can ya fara aiki nan cikin ƙayyadadden lokaci. A kan wannan a ɗora alawus na musamman mai kauri ga wanda ya yarda ya zauna a karkara, ya fi kauri a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, a kuma biya shi ga wanda ake gani a wurin kaɗai.

A ɗauki dokar horar da masu neman ƙwarewa a mayar da ita dokar jiha, da asusunta. A yi alkawari a rubuce: wanda ya yi shekara biyu ko uku a ƙaramar hukuma, shi ne a gaba wajen tafiya karatu da cikakken albashi, ya dawo ya yi wa jiha adadin shekarun da aka yi yarjejeniya. Wannan ɗaya kaɗai, na rantse, zai sa matasa su riƙa neman a tura su karkara da kansu. A kuma ƙarfafa manyan asibitocinmu na cikin birni, irin su Asibitin Janar Amadi Rimi da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, da ƙwararru da kayan aiki, yadda za a riƙa yin mafi yawan horon a gida. Manyan likitocinmu da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, a dawo da su da kwantiragi su koyar.

A gyara gidajen ma'aikata a cikin harabar asibiti, da katanga da ruwa da sola da masu tsaro, a fara da wuraren da suka fi haɗari. A tabbatar ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa da firjin ajiye jini ba sa rasa wuta ko da minti ɗaya. A sa iyaka ga awannin aiki a jere. Wanda ya daki ma'aikacin lafiya a bakin aiki a gurfanar da shi, kamar yadda za a hukunta ma'aikacin da ya wulaƙanta mara lafiya. Likitoci mata kuma a duba yanayinsu wajen turi, domin akwai matan da har gobe sun gwammace su haƙura da ciwo a ɗaki da namiji ya duba su, kuma rasa likita mace ɗaya a gari rufe ƙofa ne ga mata da yawa.

Duk wannan kuɗi ne, na sani. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi ga lafiya. Muna roƙon a cika wannan a Katsina, a kuma saki kuɗin da gaske, kuma cikin abin da aka saki a ba ɗaukar ma'aikata da riƙe su rabo kafin a ƙara sabon gini.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar kasafi. Gani ya kori ji. Ranka ya daɗe, wata rana cikin damina ka zaɓi babban asibiti ɗaya a wajen birni, ka zo ƙarfe biyu na dare, ba jiniya, ba sanarwa, kada ma shugaban asibitin ya sani. Ka shiga ɗakin yara ka ƙirga gadaje, ka ƙirga yara, ka ƙirga ma'aikata. Ka tambayi likitan da ka tarar tun yaushe rabonsa da gida. Kowane ɗan majalisa ma ya yi haka a mazaɓarsa kafin a zauna kan kasafin baɗi.

Ni dai ina nan. Takardun tafiya sun zo hannuna sau biyu ina mayarwa, saboda mahaifiyata da kuma bashin da na ambata. Amma ɗan'uwana da muka rage tare ya fara karatun jarrabawa, na ga littattafan a motarsa, ban kuma da bakin hana shi.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Likita a ɗaya daga cikin manyan asibitocin jiha,
Katsina.